Takardar tallan shinkafa: wace manhaja ta fi dacewa?

Malam, ka tambayi manhajar da za ka tsara takardar tallan shinkafarka da ita. Canva ta isa idan a waya kake aiki, amma masu buga takardu da yawa CorelDRAW suka saba da ita, sai ka fara tambayar wanda zai buga maka nan Birnin Kebbi.

A4 mai ninki uku ta wadatar. Saita launi a CMYK, wato tsarin launin da injin buga takardu ke aiki da shi, in ba haka ba koren gona zai fito a dushe. Hotuna su kai dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, ma'aunin kyan hoto ke nan. Hoton da ya biyo ta WhatsApp ya riga ya rage kyau. Bar rarar milimita 3 a gefe saboda yanka, kuma ka duba ƙ, ɗ da ɓ sun fito daidai. Farashin buhu kuwa, kada ka rubuta shi, bai zama wuri ɗaya.