Filin Masu Mota: G-Wagon, Range Rover ko Lexus, Wacce Ta Dace da Ɗan Kasuwar Jega?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, sana'ata shinkafa da albasa. Shekara tara ke nan ina hawan Lexus LX 570, ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba, amma ta tsufa, kuma Allah ya hore mini abin canza ta. Babban ɗana ya nace sai Mercedes G 63, wadda suke kira G-Wagon. Wani aminina a Abuja ya ce in ɗauki sabuwar Range Rover, wai ita ce motar manya. Ni kuma zuciyata tana ga LX 600 ko Land Cruiser 300. Duk wata ina zuwa Abuja ta Yawuri da Kontagora, ina leƙa Kamba, da damina kuma ina shiga gonata a fadamar Bunza. Wacce za ka ba ni shawara in saya?
Daga wani Alhaji, Jega, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, ranka ya daɗe. Allah ya sanya albarka a kasuwa, ya sa a hau lafiya. Shekarata talatin da ɗoriya a gareji a nan Birnin Kebbi, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba: ka bi zuciyarka. Amma tun da yaro ya kawo tasa hujja, aminin ma ya kawo tasa, bari in ba ka abin da za ka zaunar da su ka faɗa musu, don kada a ce tsufa ne ya sa ka ƙi.

Yaronka bai yi ƙarya ba, G 63 mota ce. A birnin Graz na ƙasar Ostiriya ake haɗa ta, kuma tun 1979 ake yin zuriyarta. Wadda aka fito da ita a 2018 tana da inji V8 mai lita 4.0 da turbo biyu (na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi), ƙarfin doki 577, kuma daga tsaye take kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 4.5. Ka tuna mota ce da ta kai tan biyu da rabi. LX 600 da Land Cruiser 300 mai fetur, waɗanda aka fito da su a 2021, inji ɗaya suke amfani da shi, V6 mai turbo biyu, ƙarfin doki 409, da giya goma. Sabuwar Range Rover mai V8 tana tsakani, 523, kuma injin nata na BMW ne mai lita 4.4. A takarda, G-Wagon ta ci gasa.

To, amma ina za ka taka wannan ƙarfin? Daga Jega zuwa Koko, daga Koko zuwa Yawuri, kai ka fi ni sanin abin da ke kan kwalta: tirelolin albasa daga Aliero, garken shanu da ke tsallakawa ba sallama, 'yan acaba, yara masu talla a bakin kowane gari, ga rami a inda jiya babu. Dokar hanya ma kilomita 100 ta yarda wa motar gida a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi. Kuma abin da samari ba sa son ji shi ne, idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da burki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa yake yi sau huɗu. Doki 409 ya ishe ka ka wuce tirela biyu a jere hankalinka kwance. Sauran dawakin na G 63 ciyar da su kawai za ka yi ta yi, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san kuɗin harawarsu.

Maganar mai ita ce ta fi damuna. Irin waɗannan injinan Jamus masu zafi an yi su ne don fetur mai daraja, mai lambar okten 95 zuwa 98. Wanda ake sayarwa a gidajen manmu, ma'auninsa 91 ne, in an same shi ba gauraye. Kwamfutar motar za ta ji injin yana ƙwanƙwasa, sai ta rage masa wuta don ta kare shi. Wato ka biya kuɗin doki 577, ana ba ka ƙasa da haka, injin kuma yana wahala a ɓoye, musamman a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ga esi a kunne. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja. Kuma duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Kamba da Kangiwa ya san akwai ranar da dole ka tsaya wurin 'yan bumburutu. Ita ma LX 600 mai turbo ce, ba za ta shanye ƙazamin mai ta yi shiru kamar tsohuwar 570 ɗinka mai V8 lita 5.7 ba, wannan ka sa shi a ranka. Sai dai Land Cruiser 300 da ake kawowa ta Dubai tana zuwa da tanki biyu, lita 110 gaba ɗaya, don haka kana iya cikawa a gidan man da ka yarda da shi ka yi tafiya mai nisa ba ka nemi na galan ba.

Bara waccan, ana tsakiyar bazara, aka kira ni wajen ƙarfe biyu na rana cewa motar wani bawan Allah ta tsaya gaba da Koko. Jif ce ta Turai, ba zan kira sunanta ba, domin laifin ba na masu ƙera ta ba ne. Na same ta ta durƙusa ta gefe ɗaya kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya. Rami ya faɗa da gudu. Rim ɗinta inci 22 ne, tayar kuma siririya, naman da ke tsakanin rim da kwalta bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Rim ya lanƙwashe, gefen taya ya tsage, balan-balan ɗin iskar da ke ɗauke da motar a wannan ƙafar ya fashe. Mai motar yana zaune a gindin darbejiya da babbar rigarsa ta shadda, iyalinsa a ciki gilashi a sauke, jaririya tana ta tsala kuka don zafi. Mai facin garin ya zo ya duba tayar, ya girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin irin lambarta ba. Sai bayan la'asar muka samu janwe. Balan-balan ɗin kuwa babu shi a Sakkwato, babu a Ƙofar Ruwa ta Kano, na kasuwar Ladipo a Legas na hannu ne da ban yarda da shi ba. Daga waje aka yi odarsa, motar ta yi mako biyar a garejina an lulluɓe ta da tamfol. Har yau in na tuna kukan yarinyar nan raina yana ɓaci.

Wannan shi ya kawo mu kan Range Rover ta amininka. Tsakani da Allah, a cikin huɗun nan babu wadda ta kai ta daɗin zama. Kan iska take tafiya, shiru kamar kana falo, kuma masu ita sun ce tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 90, alhali Land Cruiser da G-Wagon 70 ne. Amma jikinta duk na'ura ne da kwamfuta, kuma in fitila ta kama a dashbod, ba kowane mai rewaya ne zai taɓa ta ba. Amininka yana Abuja, in ta yi tari minti ashirin ya kai ta wurin masu na'urar duba ta. Kai kana Jega, tsakaninka da su tafiyar yini ce a bayan janwe. Ƙurarmu ma ba irin tasu ba ce. Da hunturun da ya wuce na cire filtar iska ta wata jif da ta yi wata biyu kacal tana zuwa Kamba, na buga ta a kan siminti, jar ƙurar da ta zubo ta cika gwangwanin madara har ta yi tozo. Wannan ƙurar ita ke shiga kamfaresan da ke hura balan-balan, ita ke cin robobi.

G-Wagon kuwa a daji ba ta da tsoro, tana da makullin ƙafa har uku da ke sa tayoyi su juya tare a cikin laka. Sai dai ita G 63 salansarta ta gefe take fitowa, ƙasan ƙofar baya, daidai inda kunyar gona da kututture ke jira. Gilashin gabanta a miƙe yake, duk tsakuwar da tirela ta watso a kansa take sauka. Bayanta kuma bai kai na LX ɗinka yalwa ba, Hajiya za ta gaya maka tun kafin ku kai Yawuri. Akwai kuma abin da ba sai na buɗe shi sosai ba: a yanayin da ake ciki na tsaro, motar da kowa zai juyo ya kalla har ya tambayi ta wane ce, ba ita ce abokiyar tafiyar ɗan kasuwa ba. Farar Land Cruiser kuwa da yawa suke a hanya.

Kada ka ɗauka ina cewa Toyota ba ta da aibi. A 2024 kamfanin da kansa ya nemi a mayar masa da a-kori-kurarsa Tundra da LX 600 kimanin dubu 100 a Amurka don gyara, ƙirar 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji tun daga masana'anta, daga baya ya ce zai canza musu injin ɗungurungum. Saboda haka in LX 600 za ka ɗauka, musamman wadda ta fito ta Amurka, a karɓi lambar shasi a bincika ko tana cikinsu, kuma ko an yi mata aikin. Sannan LX mai hawa da sauka da man haidirolik take aiki, shi ma yana son a canza shi a kan lokaci, kamar yadda ka saba a 570.

Ni da za a ba ni zaɓi da irin hanyoyinka, Land Cruiser 300 mai fetur zan ɗauka, a kan rim inci 18 da taya mai kauri. In kana son ƙarin laushin kujera da sunan Lexus da ka saba da shi, ɗauki LX 600, amma ka ce ba ka son rim 22, a ba ka 18 ko 20. Juye duk kilomita 5,000 da baƙin man da littafinta ya faɗa, ba wanda yaron gareji ya ga dama ba. In ka dawo daga doguwar tafiya ka bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu a kunne kafin ka kashe, don turbo ya huce. Tsohuwar 570 kuma kada ka sayar, ita za ka riƙa shiga Bunza da ita da damina.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Maigidana zai saya mini jif, dillali ya nuna mana wata BMW X5 tokumbo daga Amurka, kuɗinta ya yi ƙasa da na sauran sosai. Mu ɗauka?
Daga wata Hajiya, Birnin Kebbi.

AMSA: Hajiya, barka kadai. Arahar ce ta sa na ce ku dakata. Da yawa daga cikin motocin da ke zuwa daga Amurka a wurin gwanjon motocin haɗari da na ambaliya ake sayo su, a gyara fuska a yi fenti. Wadda ruwa ya taɓa ita ce mafi sharri, domin wayoyinta a hankali suke ruɓewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga. Ku karɓi lambar shasi mai harafi da lamba 17, a duba tarihinta a Carfax ta intanet. Sannan a ɗaga kafet ɗin ƙasa a shinshina, a leƙa ƙarƙashin kujera a ga ko ƙarafan sun yi tsatsa, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai shatin laka. A tabbatar kuma takardun kwastan na gaske ne, an biya duti cikakke, don kada a tare ki a hanya a karɓe mota. In duk ta tsallake, maigida ya fara samo makaniken da zai riƙa duba ta kafin ya biya kuɗi.

TAMBAYA: Baba, mun yi gardama da abokaina a majalisa. Tsakanin Lamborghini Urus da Porsche Cayenne Turbo GT wacce ta fi gudu?
Daga wani ɗalibi, Gusau, Jihar Zamfara.

AMSA: Ɗana, kowa a cikinku yana da rabin gaskiya. 'Yan gida ɗaya ne, duka a ƙarƙashin rukunin Volkswagen suke, ƙashin bayansu ɗaya da Audi Q8 da Bentley Bentayga, kuma tushen injinsu ɗaya, V8 mai lita 4.0. Urus ta farko, ta 2018, tana da doki 641, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.6, ƙarshen gudunta 305. Cayenne Turbo GT ta 2021 dokinta 631, amma ta fi saurin tashi, daƙiƙa 3.3, ƙarshenta 300. A tashi Porsche ce gaba, a dogon zango Urus ta ɗara da kaɗan. A filin tsere na Jamus da Italiya ake auna waɗannan lambobin, kan kwalta mai santsi da shinge hagu da dama. Ina roƙonka, duk motar da ta shigo hannunka, ko ta babanka ce, kada ka gwada ko rabin wannan tsakanin Gusau da Talatar Mafara.