Ina lokacin yake tafiya?

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce ka ba aikin kawunan kwamfuta 64 (wato cores, sassan da ke yin lissafi a lokaci guda) amma ragar da kake saƙa wa ƙwallon duniya, wadda ke raba fuskarta zuwa ƙananan gidaje, har yanzu kwana take ba ta gama ba. To ba ƙarin kawuna kake buƙata ba. A hanyar Lloyd, wato dabarar daidaita ɗigogin raga ta maimaitawa, kowane zagaye sai ka haɗa ɗigogin su zama alwatikan Delaunay (alwatikan da babu wani ɗigo cikin da'irar da ta ratsa kusurwoyinsu uku), ka matsar da kowane ɗigo tsakiyar gidansa, wato filin da ya fi kusa da shi, ka sake daga farko. Idan da manhajar STRIPACK kake haɗa alwatikan, wadda Robert Renka ya fitar a 1997, kai ɗaya ne ke wahala, 63 na zaman kashe wando.

Abin da masu bincike su Jacobsen da Ringler suka yi a 2013 don raba wa kawuna aikin shi ne yanka ƙwallon yanki-yanki, yankunan na ɗan hawa kan juna, kowane kai ya shimfiɗe nasa da sitiriyografik, wato hanyar mayar da jikin ƙwallo kan shimfiɗaɗɗen fili. Dalili? Da'ira a jikin ƙwallo da'ira take fitowa a shimfiɗe, sharaɗin Delaunay bai karye ba. Kowa ya riƙe alwatikan da da'irarsu ta faɗa cikin yankinsa, ya zubar da sauran. Shi ke nan.

Kuma don Allah in ka ga gidaje masu kusurwa biyar kada ka ce kuskure ne. Ɗauko tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari ka ƙirga: masu biyar 12, masu shida 20. Ragar MPAS (manhajar kwaikwayon yanayi da teku) mai tazarar kilomita 15 gidaje 2,621,442 gare ta, masu biyar ɗin dai 12 ne. Wani babba ya taɓa sa ni na yi mako biyu ina farautar su, wai lissafina ne ya karkace. Mako biyu fa! Na kai masa ƙwallo har ofis, ya ce shi ba wasa ya zo yi ba. Har yau abin na ci mini rai... A'a, bari in gyara, 12 ɗin a raga mai gidaje bai-ɗaya ne. In ka matse ragar a kan wani yanki, wato ka ƙanƙanta gidajen wurin, masu kusurwa bakwai za su ɓullo, sai dai masu biyar su fi su da 12.

Sai kuma inda za ka fara zuba ɗigogin, don in ka watsa su barkatai Lloyd zai yi ta jan ƙafa... bari dai, turo mini fayil ɗin tukuna, caji ya kusa ƙarewa.