Ruwa mai tsabta daga hanci bayan faɗuwa a babur

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka ya faɗi a babur shekaranjiya, yanzu wani ruwa garau kamar na famfo yana ɗiga daga hancinsa, kuma zagayen idanunsa ya yi baƙi. Kana tambaya ko mura ce. Ni dai ba zan ɗauke shi mura ba.

Gindin ƙoƙon kai, inda ƙwaƙwalwa ke zaune, hawa uku ne kamar matakala. Na gaba yana saman hanci da idanu, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan ƙashi siriri mai huji-huji kamar rariya, ta nan jijiyoyin jin wari ke wucewa. Shi ne mai saurin tsagewa. Idan ya tsage har tantanin ƙwaƙwalwa ya yage, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa sai ya samu hanya ya biyo hanci. Na tsakiya shi ke riƙe da kunnen ciki, shi ya sa idan ya tsage wasu mutanen ruwan ko jini ke fito musu ta kunne, fatar bayan kunnen kuma ta yi shuɗi. Na baya kuma yana da babban rami inda laka ke sauka cikin ƙashin baya.

Kar ya fyace hanci, kar a cusa masa auduga ko a ɗiga masa magani. Ƙwayoyin cuta na iya bin hanyar nan su shiga, su haddasa sanƙarau.

Ku kai shi babban asibiti yau ɗin nan, inda ake hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin kai. Idan amai ko yawan barci ya fara, ku garzaya da shi nan take.