Kafin ku buga fosta, ku leƙa motar fita fili

Malama, kin ce sashenku na ilimin ƙasa da muhalli yana son jawo ɗaliban digirin farko daga ɓangarorin da ba a saba gani ba, wato mata da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da masu buƙata ta musamman, kina tambaya ko a fara da zagaya makarantun sakandare. Ku je, babu laifi. Amma ni da na haura shekara goma ina fita aikin fili da ɗalibai, shawarata ku fara ƙirga waɗanda suka riga suka shigo sannan suka sulale. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, namu ɗakin kuwa a wurin fita fili yake zuba.

Akwai wani yaro da na koyar a shekarar farko, duk ajin babu wanda ya kai shi karanta taswira. Da lokacin fita ya zo sai ya aiko wai ba shi da lafiya. Shekara ta biyu ma haka. Sai bayan ya koma wani sashe abokinsa ya faɗa mini gaskiya: takalmin hawan dutse da guduma da kamfas da kuɗin kwana ne suka gagare shi, ga shi hutun da muke fita a ciki yake yin aikin da zai biya kuɗin makaranta. Da laifina a ciki, don sai saura sati biyu tafiya nake miƙa musu jerin kayan. Na ɗauka wanda ba shi da hali zai zo ya faɗa. Ashe babu ɗalibin da zai ɗaga hannu gaban 'yan ajinsu ya ce ba shi da shi.

Daga nan muka ajiye kabad guda, muka cika shi da guduma da madubin ƙara girma na hannu da kamfas da hular kwano, kowa ya ara ba tare da an tambaye shi dalili ba. Wannan sharaɗin shi ne ya sa abin ya yi aiki. Ranar da aka ce sai mai buƙata ya cike fom, ranar kabad ɗin zai zama abin kunya. Kuɗin kowace fita kuma a rubuce muke bayarwa tun satin farko na shekara.

Kada ki ɗauka ƙasashe masu kuɗi sun tsira. A Amurka jami'o'i da yawa suna kai ɗalibai zaman fili na kusan sati shida, kuma a 2018 Rachel Bernard da Emily Cooperdock sun nuna a mujallar Nature Geoscience cewa cikin shekara 40 kusan ba a motsa ba wajen ƙaruwar tsirarun ƙabilu masu samun digirgir a fannin. A 2016, kashi 6 cikin 100 kacal na digirin digirgir a fannin ne ya tafi hannun baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da 'yan asalin ƙasar na farko. Wanda ya zame a digirin farko ai ba za a gan shi a digirgir ba.

Na mata kuwa, abin da ke korarsu wani lokaci kunyar faɗarsa ake ji. Na taɓa lura 'yan matan da ke motarmu ba sa shan ruwa yini guda cikin rana. Da wata malama ta bincika sai ta gano babu inda za su kewaya ne, maza kuwa bayan kowane dutse ya ishe su. Yanzu wurin tsayawa yana cikin jadawalin kamar yadda dutsen da za a duba yake, kuma ba na fita sai da malama a tawagar. Batun cin zarafi ya fi wannan nauyi. Binciken da Kathryn Clancy da abokan aikinta suka fitar a 2014 kan masu aikin fili a fannonin kimiyya daban-daban ya samu kashi 64 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun fuskanci kalamai ko halayen batsa a fili. Dole ɗaliba ta san wanda za ta kai wa ƙara kafin mota ta tashi, kuma kada ya zama shi ne mai ba ta maki.

Abin yana da tsohon tushe. Ƙungiyar masana duwatsu ta Landan da aka kafa a 1807 ba ta karɓi mace ba sai 1919. Marie Tharp, wadda ta gano kwarin da ya ratsa tsaunukan ƙarƙashin tekun Atlantika a 1952, a tebur ta yi aikin, don an hana mata hawa jirgin bincike a lokacin.

Masu lalurar ƙafa su suka fi koya mini darasi. Shekaru ina kai ɗalibai wani tsauni sai an yi awa biyu ana hawa, har wata ɗaliba mai dogara sanda ta tambaye ni ko hawan ne ake ba maki. Ban sami amsa ba. Da na zagaya sai na tarar da irin shimfiɗar dutsen nan a gefen titi inda aka fasa tudu, mota na iya tsayawa dab da ita. Tun 2008 akwai ƙungiyar IAGD, ta ƙasa da ƙasa mai tallafa wa masu buƙata ta musamman a fannin, da ke shirya irin wannan fita ga masu keken guragu da kurame da masu raunin gani, dabarunsu za su yi muku amfani. Ku tuna da masu makantar launi ma, galibi maza ne, ba sa rabe ja da kore, taswirarmu kuwa duk launi ce. Harafi ko zane a kan kowane launi ya wadatar.

Wasu za su ce a ba su yawon fili ta kwamfuta, kamar yadda aka yi lokacin korona a 2020. Yana taimakawa wajen shiri da bita. Amma gani ya kori ji, kuma in kowa ya tafi aka bar ɗalibi ɗaya da allo, an ware shi ne cikin ladabi.

In kun je sakandaren, ku tafi da ɗalibanku na aji uku, yara sun fi yarda da wanda ya yi kama da su. Yawancinsu ba su taɓa jin sunan fannin ba, iyaye kuma tambayarsu ɗaya: wane aiki za a samu? Ku yi musu maganar ruwan ƙarƙashin ƙasa da ambaliya da gurɓatar iska. Marguerite Williams, baƙar fata ta farko da ta sami digirgir a fannin a Amurka a 1942, zaizayar ƙasa a kogin Anacostia na Washington, birnin da take zaune, ta nazarta. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008, manhajar zana taswira ta QGIS ma kyauta ce, yaro zai iya ganin yadda garinsu ya sauya cikin shekara 30.

Kafin taronku na gaba, ki karɓi rajistar shekara biyar da suka wuce, ki ware sunayen waɗanda suka bar sashen bayan fitar farko ko gabaninta. Ki sa wani wanda ba malaminsu ba ya kira su, don ni da na kira da kaina duk cewa suka yi babu komai.