Abin da masu karatu ke so, da abin da ke sa su ajiye littafi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, ke da kika yi tambaya jiya da daddare, kin ce kina da labari da kika kai rabi, kuma kina son ki tattara girke-girkenki da abin da kika sani na kiwon kaji ki mai da su ɗan littafi, amma kina son ki ji me masu karatu ke so, me kuma ke sa su tsaki. In na ce zan rubuta zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi miki murya. A yi haƙuri da ni.

Ni dai na daɗe ina ba da hayar littattafai a cikin gida, tun ana sarowa a kasuwar Sabon Gari, kafin komai ya koma waya. To mai ba da haya yana jin abin da marubuci ba ya ji, don shi ake dawo wa da littafi. A gabansa ake yabo, a gabansa ake mita.

Mutanenmu suna son su ga gidansu a cikin labari, gidan da suke kwana suke tashi a ciki. Kishiya da ranar girki, uwar miji da ta ƙi sakin ɗanta, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, bazawarar da ta dawo gidan uba tana raba ɗaki da ƙannenta. Abin da ya ɗaga littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano ke nan tun tsakiyar shekarun 1980. Kafin nan ai akwai littattafai masu kyau, tun gasar 1933 da ta fito da su Abubakar Imam, amma yawancinmu a aji muka san su, malami na tsaye, jarrabawa na tafe. Da mata suka ɗauki biro suka fara rubuta abin da ke faruwa a tsakar gida, sai littafi ya shigo har ƙuryar ɗaki. Ki duba Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Mace ce miji ya kore ta da 'ya'yanta, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Babu jirgin sama a ciki, babu Dubai. Amma ga shi har Turanci an fassara shi, aka buga a Indiya a 2012.

Sai hira. Wallahi ƙanwata, hira ita ke riƙe mai karatu. Mace za ta dawo mini da littafi, ba ta ko zauna ba, mayafi a kafaɗa, tana maimaita mini maganar da uwar miji ta yaɓa wa amarya, kalma da kalma, tana cewa kamar a gidansu aka zauna aka rubuta. Ba ta tuna kalar motar saurayin ba, amma habaicin nan ya zauna mata. Don haka ki ba kowa bakinsa. Tsohuwa ta yi maganar tsofaffi, da karin maganarta da kewaye-kewayenta. Ɗan kasuwar Kwari kada ya yi magana irin ta malamin jami'a. In kin ce mutum Basakkwace ne, mu ji Sakkwatanci ko kaɗan ne a bakinsa.

To yanzu abin da ke ɓata musu rai, kuma nan zan ɗan daɗe.

Babba a ciki shi ne jan rai. A da, labarin da zai ƙare a littafi ɗaya sai a tsinka shi uku ko huɗu, a daidai inda aka ɗaga wuƙa a ce mu haɗu a na biyu. Mutane sun haƙura da wannan, sun san kasuwa ce. Abin da ba su yafewa shi ne na ƙarshen ya ƙi fitowa. Yanzu ma haka ake yi a waya: a ba ki shafukan kyauta, ki shiga ciki sosai, a ce ki biya a sa ki a gidan masu biya, ki biya, sai marubuciya ta yi shafi goma ta ɓace. Ba biyan ne matsala ba, ni ina goyon bayan a biya marubuci, guminsa ne, data ma da kuɗi ake saye. Amma wanda ya karɓi kuɗin mutane, amana ce a wuyansa. Shawarata, kada ki saki shafin farko sai kin rubuta na ƙarshe. Kuma a rage mana gaisuwa. Za ki buɗe shafi, rabinsa jinjina ce ga ƙawaye da tallar kayan mata, labarin kansa layi ashirin.

Sai dukiyar ƙarya. Kowane saurayi miskili ne, ɗan shekara ashirin da takwas, yana da kamfani a ƙasa biyar. Kowace budurwa fara ce sol, gashi har gadon baya, kakarta Balarabiya. A yi shafi uku ana lissafa akwatunan lefe. Ban ce kada a yi mafarki ba, mai wahala yana son ya huta a cikin labari, kuma irin waɗannan suna da masu karanta su da yawa. Amma ni abin yana damuna, don 'yan matanmu baƙaƙe kyawawa suna karantawa, kullum ana nuna musu baƙa ita ce 'yar aiki ko muguwar kishiya. Daga nan ne ake fara neman man shafe-shafe.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo a wurina. Namiji ya yi wa yarinya fyaɗe, ko ya riƙa jibgarta, sai a juya labari ta mutu a kan sonsa, a ƙarshe a yi biki kowa na murna. Don Allah marubuta ku ji tsoron Allah. Yara 'yan sakandare ke karanta wannan a wayar yayyensu. Batsa kuwa, na san ana cewa ita ke kawo kuɗi. Ana karantawa a ɓoye, amma ba mai iya miƙa wa ƙanwarta ko ta bari a ji sunan littafin a bakinta. Kuma mun ga abin da ya faru a Kano a 2007, da aka tara littattafai aka ƙona a bainar jama'a, mai laifi da marar laifi duk aka yi musu kallo ɗaya. Ban so a ba wa kowa hujjar maimaita wannan.

Sannan bincike. Mai karatu ba jahili ba ne, cikin masu karanta ki akwai nas, akwai lauya, akwai malamar Islamiyya. Ki sa an yi saki uku, bayan mako biyu an yi kome ba tare da ta auri wani ba, sai malamar nan ta rufe littafin. Ki sa mace ta fita takaba a kwana arba'in, alhali wata huɗu da kwana goma ne, mai ciki kuma sai ta haihu. Tambaya ɗaya ga wanda ya sani ta isa ta raba ki da wannan kunya. Haka rubutun kansa. Ƙ da ɗ da ɓ suna nan a allon waya, a daure a sa su. Wannan "xan" da "kae" da "nah" yana gajiyar da ido. Turanci kuma a yi shi da awo, don masu karanta mu har da 'yan Maraɗi da Damagaram, waɗanda bokonsu na Faransanci ne, ga iyayenmu da ake karanta wa a rediyo.

Yauwa, bari in koma kan littafin koyarwa, don shi hukuncinsa ya fi tsanani. Labari in bai yi daɗi ba lokaci kawai aka rasa. Littafin girki ko na kiwo in ya yi ƙarya, fulawa ce da mai da jari suka tafi.

A girki, abin da mata suka fi tsana shi ne "ki zuba daidai misali". Misalin wa? Wadda ta iya ba ta buƙatar littafinki, wadda ba ta iya ba ita ce ta saya, amarya ce da ke tsoron kunya a gidan miji. Ki ce mata gwangwani nawa, kuma ki faɗi wane gwangwani, na madarar ruwa ko babban na tumatir. In kin sa giram, ki sa gwangwani a gefensa, don ba kowa ke da sikeli ba. In kin ce a gasa kek a oven a kan digiri 180, ki ƙara da yadda mai gawayi za ta yi: yashi a gindin tukunya, a rufe ya yi zafi, a ɗora gwangwanayen a kai, wuta kaɗan-kaɗan. Ki gaya mata yadda ƙullin masa yake in ya tashi, ya kumburo yana ƙananan ƙofofi yana ɗan tsami, da abin da za ta yi in lokacin sanyi ne ya ƙi tashi. Wannan sashen na "in abu ya ɓaci" shi ne mutane suka fi so, kuma shi ne aka fi mantawa.

Na kiwon kaji kuwa, yawancin waɗanda ke yawo kwafe su aka yi daga intanet aka fassara. Za ki ga ana ta bayanin ɗumama ɗaki, babu layi ɗaya a kan zafin Maris da Afrilu, lokacin da a Kano da Sakkwato zafi ke wuce digiri 40, manyan kajin gidan gona suna haki suna faɗuwa. Za a ce a ba da rigakafin Gumboro da Lasota, shi ke nan. Ba a ce sai an riƙe shi cikin ƙanƙara tun daga shago har gida ba, ba a ce a ɗauke musu ruwa na ɗan lokaci su ji ƙishi ba, ba a ce a ba da shi da sassafe a ruwan da ba shi da sinadarin famfo, su shanye kafin ya mutu ba. Sai mace ta yi duk abin da littafi ya ce, kajin su ƙare, ta ce maita ce ko baki. Kuma a daina alƙawarin riba. A gaya wa mutum gaskiya: kajin nama sati shida zuwa takwas ne, abincinsu ke cinye fiye da rabin kuɗin da za a kashe, kuma wasu za su mutu ko da an kula. In za ki sa farashi, ki rubuta wata da shekara a jikinsa, don lissafin da aka yi kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 yau ba ya aiki. Ki nemi 'yan takardun da NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ke fitarwa don manoma, ki gwada da naki, sannan ki kai wa likitan dabbobi ya duba jadawalin rigakafin kafin ki saki. Maganin mutane kuwa, irin na "yana warkar da cuta arba'in", ki nisance shi gaba ɗaya, rai ne.

Tsari ma ki kula. Ki tuna yadda muka karanta Ahalari a makarantar allo da Islamiyya, tsarki tukuna, sai alwala, sai salla, sai ƙabli da ba'adi na gyaran abin da aka manta. Haka mai koyo yake so, kowane abu a muhallinsa, ya buɗe ya samu ba sai ya karanta tarihin rayuwarki ba.

Kafin ki buga, ki ba wata da ba ta taɓa yin girkin ba, ta shiga kicin ita kaɗai da takardar, ke kina waje, kada ki ce mata uffan. Duk inda ta leƙo ta tambaye ki, wurin akwai gyara. Ki turo mini na alkaki da na dubulan ta bayan fage, akwai 'yar maƙwabciyata da za a aurar bayan Salla, ita zan ba ta gwada. Labarin kuma ki turo babi uku na farko, in karanta in faɗa miki inda na ji barci da inda na kasa ajiyewa. Allah ya yi jagora, a gaida yara.