Sannu daban, jan ƙafa daban

Wani ɗalibi daga unguwar Mabera a Sakkwato ya aiko da tambaya. Ya ce wata uku ke nan yana son fara rubutun kammala digirinsa, kullum sai ya ce gobe. In mahaifiyarsa ta yi faɗa sai ya ce "sannu ba ta hana zuwa", ita kuma ta mayar masa da "a bari ya huce shi ke kawo rabon wani". Yana son in raba gardama.

Ɗana, Inna ta fi ka gaskiya, kuma naka karin maganar ka datse masa wutsiya. Cikonsa shi ne "sai dai a daɗe ba a je ba". Sannan wanda ake gaya wa haka ya riga ya kama hanya, ana dai lallashinsa ne kada ya yi gaggawa. Na kwance kan tabarma ba ya cikin zancen. Abin da kake yi sunansa jan ƙafa. Jinkiri yakan zo ba da son mutum ba, shi ya sa ake cewa wani jinkirin alheri ne. Kalmar "nawa" kuwa ta mai aiki ce da hannunsa ba ya sauri. Kasala aro ce daga Larabci, "kasal", wadda muke neman tsari daga gare ta a addu'a tare da gazawa. In ta zame wa mutum jiki, ta koma lalaci.

Ka leƙa Maƙera Assada wata safiya. Yaro na zuga, gawayi ya yi jawur, maƙeri ya zaro ƙarfe da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera. Ko sallama ka yi masa a lokacin, amsar tana fita ne tare da ƙarar masaba, don in ya tsaya gaisuwa ƙarfen ya dushe, sai an mayar wuta, an ƙara gawayi. Can za ka ji karin maganar da bakinmu na Sakkwato: da zahi-zahi aka bugun ƙarhe.

Tambaya ta biyu daga wata malama ce a Arkilla. Ta koyi ɗinki, keke na ɗaki shekara guda, amma kullum dare sai ta kwana lissafin yadda za ta ɓata wa mutane yadi. Ta ce shin wannan tunani ne ko wasiwasi, kuma ba an ce da muguwar rawa gara ƙin tashi ba?

Malama, tunani yana da bakin zare, yana kai mutum ga shawara. Naki shi Bahaushe ke kira saƙa da warwara, kuma ban san siffar da ta kai wannan kyau ba: kin kwana ana aiki, gari ya waye babu ko ƙyalle. Wasiwasi daga Larabci yake, "waswas", wanda ke cikin Suratun Nasi, sura ta 114. Asalinsa raɗa ce da ake ta maimaitawa a zuci, har sautin kalmar ma maimaici ne. Malaman Malikiyya suna da suna ga wanda kokwanto ya addabe shi a salla, "mustankih", saiwarsa ɗaya da nikahi, kamar a ce kokwanton ya aure shi. Maganin da suka ba shi shi ne ya kau da kai ya ci gaba da sallarsa, ya yi sujadar ba'adi bayan sallama. Ba su ce ya zauna ya ƙara nazari ba.

Muguwar rawa kuwa, ta wanda ya tabbatar bai iya ba ce kuma ya nufi tsakiyar fage. Ke ba ki taka ba balle a san muguwa ce, ai sai an gwada akan san na ƙwarai. Kin yi shawara, kin yi istihara, saura azama, ita ma daga "azm" take, kamar yadda ya zo a aya ta 159 ta Ali Imrana: in ka ƙudura, sai ka dogara ga Allah. Ki aika kasuwa a yanko miki yadi biyu mai araha, ki ɗinka wa ɗiyar maƙwabciya riga kafin Juma'a. In hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ki farke ki sake.