Kafin ka ci bashin wufa, duba ɗakinka

Wani matashi mai ɗan situdiyo a Tudun Wada, Kaduna, inda yake haɗa tallace-tallacen rediyo da waƙoƙin biki, ya aiko da tambaya. Sifikokinsa ƙanana ne, masu inci 5, bes, wato sautin nan mai kauri, ba ya fita, masu kawo aiki sun fara ƙorafi. Yana so ya kwashi adashinsa, ya cika da bashi, ya sayi babbar wufa, wato sifikar da aka ƙera musamman don fitar da bes.

Ƙanena, dakata da bashin nan tukuna. Ina kyautata zaton ɗakin ne yake cinye maka bes.

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda. Bes mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa ya kusa mita 7. A ɗaki mai mita 3 da rabi, igiyar za ta bugi bango ta dawo ta yi karo da mai tahowa. A jikin bango sai su ƙarfafa juna, a tsakiyar ɗaki kuwa su kashe juna. In a tsakiyar kake zama, ko wufar gidan biki ka girke ba ta maganin abin, domin duk ƙarfin da ka ƙara, wanda bango zai dawo da shi ma ya ƙaru.

Gwada yau, ba ko kwabo. Kunna kiɗa mai nauyi, ka zagaya a hankali, ka tsaya a kusurwa. In ka ji bes yana dukan ƙirjinka a can, to sifikokin ba su da laifi. Jawo kujerarka zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin, ka matsar da sifikokin kusa da bango, ka sauke su daga teburin katako zuwa kan bulo. Silin ko taga mai karkarwa, a ɗaure su.

Kuɗinka kuma a kusurwoyi za ka kashe shi. Kiret ɗin ƙwai da siririn soson da ake mannawa a bango suna ba ni takaici, don asara ce tsagwaronta: siririn sauti kaɗai suke ragewa, ga haɗarin gobara in waya ta yi tartsatsi. Nemi rockwool, wani abu mai kama da auduga da ke shanye sauti, wajen masu kayan gini, kaurinta kada ya gaza santimita 10. Ka sa kafinta a kasuwar Panteka ya buga mata akwatuna, a rufe da yadin da iska ke ratsawa, a jingina su a kusurwoyi daga ƙasa har sama, da sarari a bayansu. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, don rockwool tana sa ƙaiƙayi.

Kada a kafe su da siminti. Haya kake, ranar tashi da kayanka za ka tafi. Su ba sa shan man janareta, wufa kuwa kullum sai ta ci wuta, farashinta kuma dala yake bi.

Gyaran ɗaki dai ba zai haifo abin da sifika ba ta fitarwa ba, kuma mai inci 5 ba ta nutsawa can ƙasa sosai. Amma aikinka talla ne da waƙar biki, da ake ji a waya da rediyon mota. Yi wata uku da gyararren ɗakin, kana rubuta kowane aiki da abin da ya shigo. In har lokacin ana neman bes mai zurfi, ka sayi wufar daga riba, kuma ka roƙi mai shagon ya bari a gwada ta a ɗakinka kafin ka biya.